Tambayi Anti: An ce sai an nuna ɗiyata a bidiyo kafin a taimake mu

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru da yawa, na zaɓo huɗu saboda duk a wuri ɗaya suka haɗu, wato yaro da kyamara. Kamar kullum babu suna babu lambar waya, har unguwa na cire a inda na ga za a iya gane mai magana.

TAMBAYA

Salam Anti ina wuni, ina gajiya, ya iyali. Dan Allah ki ɓoye sunana. Ni uwa ce nan cikin garin Maraɗi, ina da ɗiya 'yar shekara shidda, tun randa anka haife ta ungozoma ta ga halittarta ba daidai take da ta sauran ɗiya mata ba, abin nan da mutane ke ce ma mata-maza. Mu dai munka yi shiru, daga ni sai babanta sai uwata munka sani, sunan mata anka raɗa mata kuma yanzu har ta shiga lakwal. To bana mun kai ta likita sun ce sai an yi gwaje-gwaje Yamai ƙila ma har da aiki, kuɗin da sunka lissafa muna ko rabin rabi ba mu da shi, babanta kabu-kabu yake yi. Sai ƙanen mijina ya kai maganar wajen wani saurayi mai shafin neman taimako a Facebook da TikTok, ya zo har gida ya ce zai taimaka amma sai an ɗauki bidiyo an nuna fuskarta an kuma nuna wurin, wai mutane ba su yarda sai sun gani da idonsu saboda 'yan damfara sun yi yawa. Babanta ya amince ya ce ciwo ba abin kunya ba ne kuma shi ne uba. Ni ko Anti zuciyata ta ƙi, ko barcin kirki ban yi, amma ina tsoron kar ya zamana ni na hana ma ɗiyata magani. Mi zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba yarinya lafiya ya ba ku ladan ɗawainiya. Kar ki yarda. Ba fuska ba jiki, balle ma jiki. Kuma ki cire wa ranki cewa ke kika hana mata magani, wanda ya ce ba zai taimaka ba sai an tuɓe yarinya shi ya kawo cikas ba ke ba.

Babanta ba mugu ba ne, mutum ne da babu ta matse, yana ganin ɗiyarsa da lalura yana ganin aljihunsa wayam, duk ƙofar da aka nuna masa zai nufa. Abin da bai hango ba shi ne tsawon ran bidiyo. Kuɗin nan, a ce ma an tara, wata biyu uku sun ƙare a kuɗin mota zuwa Yamai da gwaji da magani da abincin jinya. Bidiyo kuwa yau yana TikTok gobe an sauke shi an tura gurup ɗin unguwa da na 'yan kasuwa da na dangi, jibi ya wuce Ɗan Isa ya shiga Jibiya da Katsina har Kano, wani ya yanko ya ɗora masa kiɗa, wani ya manna tasa lambar shi ma yana karɓar sadaka da sunanta, kuma ko shi mai shafin ya ji tsoron Allah ya goge nasa, na cikin wayoyin jama'a wa zai bi ya goge? Abin da ya shiga WhatsApp ya shiga kenan.

Yanzu ki dubi yarinyar nan da kyau, tana rataye da 'yar jakarta za ta lakwal, ba ta san komai ba sai wasa da ƙawayenta. Yaro ɗaya tak ya isa ya gani a wayar yayansa ya zo lokacin shan iska ya nuna ta ya ce ga mata-maza nan, shikenan sunan ya zauna, kuma kin san yadda suna ke zama a garin nan, har mutum ya tsufa da shi ake kwatanta gidansu. In ta shiga kwaleji yana nan. Ranar da aka zo neman aurenta aka shiga bincike yana nan, har ƙannenta sai abin ya shafa. Ita da za ta ɗauki wannan kayan duk tsawon rayuwarta ba wanda ya tambaye ta, kuma ko an tambaye ta yau 'yar shekara shida me ta sani da za ta ce e ko a'a?

Maganar shi ne uba, gaskiya ne shi ne uba. Amma ikon uba a kan ɗiya amana ce. In likita ya kawo takardar aiki uba ya sa hannu, wannan hurumin uba ne, domin amfanin yarinya ne kuma likita sirri yake riƙewa. Buɗe al'aurar yarinya ga duniya ba ya cikin abin da uba ke da ikon bayarwa, don ba nasa ba ne, nata ne. Kuma bari in faɗa miki abin da mutane ba sa son faɗa: ba duk mai kallon irin wannan bidiyo ne mai tausayi ba, akwai masu ajiye hotunan tsiraicin yara don wata mummunar manufa. Su kansu Facebook da TikTok dokarsu ta hana hoton tsiraicin yaro, to mai shafin da bai san wannan ba, ko ya sani ya yi biris, ban ga dalilin da za a damƙa masa mutuncin ɗiya ba.

Akwai wata 'yar tsere ta Afirka ta Kudu, Caster Semenya. A watan Agusta na 2009 ta ci zinare a tseren mita 800 a Balin ta Jamus tana 'yar shekara 18, kuma ana gab da tseren labari ya fita cewa ana binciken jinsinta, daga baya jaridu suka baza abin da suka ce shi ne sakamakon gwajin jikinta. Ba ta sake shiga gasa ba sai a Yulin 2010. Wannan fa yarinya ce da ƙasarta ta tsaya mata, ga lauyoyi ga gwamnati, amma har yau in aka ambaci sunanta maganar halittarta ce ke fara zuwa bakin mutane kafin zinarenta. Ina ga ɗiyar mai kabu-kabu?

Sai maganar magani. Ku koma wajen likitan ku zauna da shi ku tambaye shi dalla-dalla, me ke gaggawa me zai iya jira. Wannan halitta ba iri ɗaya ba ce. Wadda aka fi samu ga ɗiya mace tana faruwa ne saboda wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda ba sa sarrafa sinadarin jiki yadda ya kamata, sai gaban yarinya ya yi kama da na namiji alhali mahaifa da komai na mace suna nan a ciki. Gado ne daga uwa da uba duka biyu, shi ya sa an fi ganinsa inda auren zumunci ya yi yawa, ba laifin uwa ba ne ba kuma aikin iska ba ne. Wani nau'insa yana sa jariri amai da ƙin kama nono da bushewar jiki a makonni biyu ukun farko, wannan kam gudu ake yi asibiti, kuma magani ne na sha kullum ke riƙe shi ba wuƙa ba. (Masu jego ku riƙe wannan, in an ga halittar jariri da shakku kar a ɓoye wa likita.) Akwai kuma wanda ake reno a matsayin mace sai lokacin balaga murya ta buɗe jiki ya juya. Don haka gwajin jini da hoton ciki su ne gaba, su ya kamata a fara nema wa kuɗi. Aiki kuwa in ba fitsari ne ke toshewa ba ko wani haɗari, likitoci da yawa yanzu sun fi son a dakata har yaro ya yi wayo a ji ta bakinsa, har ƙasar Malta ta sa hakan a doka a 2015, Jamus ma ta bi a 2021. Kin ga ƙila kuɗin da ake buƙata yanzu-yanzu bai kai wanda ya tsorata ku ba.

Neman taimako ba laifi ba ne, kuma ana iya yi ba tare da an nuna ta ba. Manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin taimakon marasa ƙarfi, ku fara da can. A karɓo takardar likita mai hatimi, a rufe sunan yarinya, a kai wa limamin unguwa ko wani dattijo da jama'a suka yarda da shi ya zama shaida, ya ce na ga takarda na san gidan, yarinya ce ke buƙatar gwaji a Yamai, ba sai an faɗi wane ciwo ba. Garin nan akwai alhazai da hajiyoyi masu fitar da zakka waɗanda sun fi son abin a yi shiru, wani ma kai tsaye zai biya asibiti. In dole sai an sa a intanet to rubutu kawai, kuma a kula da lambar da za a turo kuɗi ta Nita ko Amana, in ta babanta ce sunansa zai fito kowa ya gane gidan, a sa ta shi dattijon. Mai shafin in don Allah yake yi zai karɓi haka. In ya ce sai fuska sai jiki to masu kallo yake nema.

Babanta kuma kar ki tare shi da faɗa gaban ƙanensa, namiji in ya riga ya ce e gaban mutane janyewa na yi masa wuya. Ki bari dare ya yi ku biyu, ko ki sa mahaifiyarki ta kira shi tunda ta san maganar tun farko. Ki ce masa malam shekara shida ka rufa wa ɗiyarka asiri, ba ka gaza ba. Ki tuna masa addini bai ɗauki wannan halitta abin dariya ba, malamanmu na Malikiyya sun yi mata hukunce-hukunce tun da daɗewa, Muhtasar na Shehu Halil da ake karantawa a zaurukan garin nan da mas'alar gadon mai irin wannan halitta ya rufe littafinsa. Kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya suturta musulmi Allah zai suturta shi, to wa ya fi cancanta da suturar uba in ba ɗiyarsa ba.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Ni matashi ne ban daɗe da fara aikin jarida ba a wani gidan rediyo mai zaman kansa, muna da shafi kuma da muke saka bidiyo. A wani ƙauye nan kusa akwai yaro ɗan shekara 13, tun yana ƙarami yake cewa shi mace ne, yana ɗaura zane, cikin mata yake zama, babansa ya yi dukan har ya gaji. Na ga tashoshin Faransa da Amurka suna hira da irin waɗannan yara tare da iyayensu, masu sauya jinsi ɗin nan. Shugabana ya ce in na kawo hirar za ta ja mutane sosai. Uwar ta yarda bayan na ce zan ba ta jikka biyar na goro, kuma zan rufe fuskarsa. Akwai matsala?

AMSA

Ƙanena akwai matsala, babba ma. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka kunna kyamara, da yawa sai sun saki suke tambaya.

Yardar da aka saya da jikka biyar ba yarda ba ce. Matar ƙauye da ba ta da na cefane, ka zo da babur da kyamara da katin aiki a wuya, me kake zaton za ta ce? Ta san shafinku mutum nawa ke kallo? Ta san surukanta da ke Legas ko Agadas za su gani? Ka gaya mata ba a iya gogewa? Uban da ke dukan nan shi ya sani? Ranar da ya ji muryar ɗansa a wayar mutane a majalisa kai kana gari, uwar da yaron su ke cikin gida da shi.

Rufe fuska kuma a ƙauye ba ya rufe komai. Murya tana nan, ƙofar gida tana nan, zanen uwar da kowa ya san ta da shi, dalbejiyar da ke ƙofar gidan, kai ko sunan ƙauyen kaɗai ka faɗa an gama, yara nawa ne 'yan shekara 13 masu ɗaura zane a garin? Kafin la'asar an kai labari kasuwa.

Abin da ka gani a tashoshin waje gaskiya ne ana yi. Wadda aka fi sani ita ce Jazz Jennings a Amurka, an haife ta a matsayin namiji ta ce ita mace ce, aka yi hira da ita a tashar ABC a 2007 tana da shekara shida, daga 2015 kuma aka fara shiri na musamman a kan rayuwarta a talabijin. Amma ka lura, Jennings ɗin nan ba shi ne ainihin sunan gidansu ba, iyayen suka ara don kare kansu, a can ma kenan sun san akwai haɗari. Kuma a can ɗin har yanzu ana gardama, da masu goyon bayan abin da masu adawa da shi, a kan ko ya dace a girmar da yaro gaban kyamara alhali bai kai ya fahimci abin da aka yarda a madadinsa ba. Ba su bar abin sakaka ba. A Ingila ƙa'idar da yawancin jaridu suka sa wa hannu ta ce ba a hira da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ko ɗaukar hotonsa a kan abin da ya shafi rayuwarsa sai da izinin mai riƙonsa, kuma ba a biyan iyaye kuɗi a kan labarin ɗansu sai in a fili yake amfanin yaron ne. Faransa ta yi doka a 2020 da ta ba yaro damar neman a goge bidiyonsa daga intanet ko da iyayensa ba su sa baki ba, a Fabrairun 2024 ta ƙara wata da ta ɗora wa iyaye nauyin kare hoton 'ya'yansu. Mu ma ba a bar mu a baya ba a takarda, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, sashe na 16 ya hana kutsawa cikin sirrin yaro da ɓata masa suna, haka sashe na 10 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yaro. Ɗan jarida ya kamata ya san waɗannan kamar yadda ya san lambar wayarsa.

Kuma Maraɗi ba Amurka ba ce, kai ma ka sani. Ka san abin da zai biyo baya: ɗan daudu, la'ananne, a kore shi daga makarantar allo, samari su tare shi a hanyar gona, wani ya ce a kawo shi a yi masa ruƙiyya da bulala, ƙarshe ya gudo gari ya faɗa tasha, inda masu lalata yara ke jiran irinsa da ba shi da kowa. Ba ina tambayarka ra'ayinka a kan sauya jinsi ba, kowa a garin nan yana da abin da addininsa da tarbiyyarsa suka gaya masa. Ina ce maka ɗan shekara 13 ne. Ba ka san me ke jikinsa ba, ƙila ma akwai abin da likita ya kamata ya duba wanda ba a taɓa dubawa ba, ƙila kuma babu, abin a ransa yake. Ba wanda ya san abin da zai ce game da kansa in ya kai ashirin, ko ya tsaya a kan maganarsa ko ya bar ta, duk wanda ya zama, hirarka ta riga ta ɗaure shi a wuri ɗaya kuma shi zai yi ta biya.

In da gaske batun ne ya dame ka ba yawan masu kallo ba, ana iya shiri mai kyau babu yaro ko ɗaya a ciki. Ka gayyato likitan yara ya bambanta wa jama'a mata-maza da yaron da halittarsa lafiya lau amma yana jin shi wani jinsi ne, don mutanenmu haɗa su suke yi. Ka gayyato malami ya yi bayanin abin da fiƙihu ya ce da kuma hukuncin duka da tozarta yaro, ka gayyato ma'aikacin kare yara ya faɗi inda iyaye za su je. In akwai babba mai hankalinsa da ya zaɓi ya yi magana da bakinsa bayan ka gaya masa duk abin da zai iya biyo baya, wannan shi ya ɗaukar wa kansa. Shi kuwa yaron, abin da ka gano a gidan nan wanda ya fi hira muhimmanci shi ne ana dukansa, ka kai maganar a asirce ga ma'aikatan kare yara na jiha su san yadda za su shiga gidan da dabara. Shugabanka kuma ka ce masa iyalin ba su dace da hira ba, ba sai ka faɗi sunan ƙauyen ba, kar ya tura wani.

TAMBAYA

Anti ni mushe ne, wato malamin makaranta, a wata kwaleji. Akwai ɗalibina mai sanyin murya da tafiya irin ta mata, 'yan ajinsu sun ɗauke shi bidiyo yana rawa a wani biki sun saka a TikTok sun rubuta ɗan daudun lakwal ɗinmu, yanzu sati biyu bai zo ba, kuma yaro ne mai ƙoƙari bana zai yi jarrabawa. Ya zan yi?

AMSA

Mushe Allah ya saka da alheri da ka lura ba ya nan, wani malamin sai dai ya ja masa jan biro a rajista.

Ka fara da yaron kafin masu laifin. Ka je gidansu da kanka da yamma kamar mai wucewa, ka ce ka zo duba ɗalibinka ne ka ga bai zo ba, kar ka buɗe maganar bidiyo gaban babansa sai ka fahimci ko sun sani, don wani gidan a kansa za a huce. In ka samu kun keɓe kar ka tsare shi da tambayar kai mene ne, ba wannan ya kai ka ba, ka ce masa abin da aka yi maka zalunci ne kuma ina tare da kai, me kake so a yi. Ka saurara. Yaro a irin wannan hali yana iya tunanin cutar da kansa, in ka ji yana maganar gara ya mutu ko ya bar gari kar ka ɗauke ta wasa, a samu babba a gidan da zai sa masa ido a kuma kai shi ga likita.

Su kuma masu ɗorawa, kai da darakta ku kira su ɗaya bayan ɗaya da iyayensu, ba a tara lakwal gaba ɗaya ana wa'azi da sunansa ba, wannan ƙara yaɗawa ne. Kafin a goge ku ɗauki hoton shafin ku ajiye shaida, sannan a goge gabanku, a kuma kai ƙarar bidiyon ta cikin TikTok ɗin a matsayin cin zarafin yaro. Iyayen su sani ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma yaɗa abin da ke taɓa mutuncin ɗan Adam yana cikin abin da ta hukunta har da ɗauri. Ban ce a kai yara kaso ba, su ma yara ne, amma in suka ƙi ji akwai 'yan sanda masu kula da sha'anin yara a kwamisariya. In ya dawo ka canza masa wurin zama kusa da waɗanda ba su shiga cikin abin ba, ka taimaka masa ya cike darussan da suka wuce shi, in kuma ya ce sam ba zai iya ajin nan ba a nema masa canji kafin lokacin jarrabawa ya matso.

TAMBAYA

Hajiya ni ina tura irin waɗannan bidiyoyi a gurup-gurup amma don gargaɗi nake yi, iyaye su ga yadda zamani ya lalace su kula da 'ya'yansu. Shi ma laifi ne?

AMSA

Alhaji laifi ne. Niyyarka ba ta bin bidiyon, kai ka tura don gargaɗi na gaba ya tura don dariya, yaron da ke ciki kuwa duk ɗaya ne a wurinsa, fuskarsa ce ke yawo. Suratul Hujurati aya ta 11 da ta 12 sun hana izgili da jifa da munanan laƙabi da bin diddigin asirin mutane, ba a ce sai in don wa'azi ne ba. Kana iya yi wa iyaye duk nasihar da kake so da bakinka ko da rubutunka ba tare da ɗan wani ba, in kuma ka san iyayen yaron ka taka ka same su a gida. Waɗanda ka riga ka tura, WhatsApp yana barin a janye saƙo daga wurin kowa in bai wuce kwana biyu ba, ka janye, sauran ka bi gurup ɗin ka roƙi a goge, ka share na cikin wayarka.